Ruwan Tafkin da Kaka Ta Tace

Kakata ba ta taɓa miƙa wa baƙo ruwa yadda aka ɗebo shi ba. Ko na rijiya ne ko na gulbi, sai ta jefa masa ɗan alif ya kwanta, ta ɗaura farin ƙyalle a bakin ƙwarya ta tace, sannan ta ɗaga hannu sama ta riƙa tsiyaya shi daga wannan ƙwarya zuwa waccan har ya yi kumfa, wai don ya sha iska ya yi daɗi. In ta zo zubawa a kwanon sha kuwa sai ya cika ya tumbatsa, domin a wurinta rabin kwano zagi ne. Mu jikoki mukan yi mata tsiya, mu ce baƙo zai mutu da ƙishirwa kafin ta gama yi wa ruwa kwalliya. Takan ce, "Ku bar shi shi mutu da ƙishi, ya fi shi tahi shi ce gidan ƙazamai ya sauka." Ni ne jikanta namiji na fari, saboda haka maigidana take ce mini, ni kuma ina ce mata tsohuwa in ina neman faɗa, Kaka in ina neman fura.

Ƙauyenmu yana gefen Gulma, a ƙasar Argungu. Lokacin da nake ba da labarinsa ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Birnin Kebbi ta cika da ma'aikatan da suka dawo daga Sakkwato, kowa yana neman ɗakin haya, ni kuwa ina zaune wurin gwaggona a Gwadangaji ina zuwa makarantar sakandare, ina ajin kusa da na ƙarshe.

A bayan ƙauyenmu akwai tafki. Idan gulbi ya cika da damina yakan malalo cikin fadama, in ya janye sai ya bar wannan tafkin cike da kifi. Ba mai jefa koma ko fatsa a cikinsa sai ranar da aka buɗe su, wato kamun kifi na gayya, ranar da gari duka ke faɗawa ruwa kowa ya kama rabonsa. Mai tsaron tafkin, wanda shi ke faɗin ranar buɗewa, aikin gadon gidansu ne, kuma shi aminin mahaifina ne tun suna makarantar allo. Baffa muke ce masa. Kullum in ya dawo daga zagayen tafki da hantsi sai ya tsaya a zaurenmu, Kaka ta aiko masa da ruwa, ya shanye, su taɓa hira da Baba, ya wuce. Tun ina rarrafe nake ganin haka.

Gonar shinkafar Baba ta rani tana bakin tafkin, ita ce ma ta fi kusa. A shekarar ne ya sayi abin feshi na goyo, ya fara fesa maganin ƙwari, abin da ba kowa ke yi ba a lokacin.

Cikin bazara, ana tsananin zafi, wani mutumin garinmu da ya kawo albasa kasuwa ya biyo gidan gwaggo ya ce kifin tafki ya mutu. An wayi gari an tarar da shi ya taso birjik, ciki sama. Da na tambaye shi me ya kashe shi, sai ya kau da kai ya ce Allah ne masani. Daga yadda ya kau da kan nan na san akwai magana.

Na je gida ƙarshen mako. Warin ruɓaɓɓen kifi ya tarye ni tun daga bakin gari. Maganar kuwa ita ce Baba ne ya kashe tafki da maganinsa, wai ya wanke abin feshinsa a ciki. Ba wanda ya zo ya faɗa masa a fuska, mutanenmu ba sa yin haka. Sai dai in ya iso majalisa hira ta mutu, in ya fito daga masallaci kowa ya yi sauri ya sa takalmi. Kifin nan shi ne miyar gari ta wata da watanni, mutane sun ji zafi, kuma mai jin zafi yana son wanda zai nuna. Baba ya ce mini sau ɗaya tak, "A bakin rijiya nake wanke abina, Allah ya sani," bai ƙara ba. Ya daina zuwa majalisa. Daga gona sai zaure, ya zauna yana gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

Abin da ya fi cin ran Kaka daban ne. Kwana biyu bayan mutuwar kifin Baffa ya biyo ta ƙofarmu kamar kullum, ta aika masa da kwano cike, ya dubi ruwan ya ce ba ya jin ƙishirwa. A bazara, da hantsi, mutum ya fito daga fadama. Ƙanwata ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Daga ranar bai sake bi ta layinmu ba. Kaka ta ce mini, "Maigidana, wai ruwan gidanmu anka ƙi sha. Ni da hannuna na tace shi." Ban taɓa jin muryarta ta yi rauni haka ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Da an bar ni da na je na zazzage wa Baffa abin da ke cikina, amma Baba ya ce in na kuskura ba shi ba ni.

Na koma Birni da abin a raina. Muna da malamin kimiyyar haɗa sinadarai, wani siririn mutum mai sanyin magana, wanda ba ya duka kuma ba a raina shi. A zangon da ya wuce ya koya mana cewa kifi ma numfashi yake yi, kuma iskar da muke shaƙa, oksijin, ita yake shaƙa, sai dai tasa a narke take cikin ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa a miya. Mun yi masa dariya ranar. Wani ɗan masunta a ajinmu ya ce, "Malam, in kifi iska yake so, me ya sa yake mutuwa in an fito da shi cikinta?" Malam bai yi fushi ba. Ya ɗora ruwa a kofin gilashi kan wuta, ya ce mu matso. Tun ruwan bai kusa tafasa ba sai ga 'yan ƙananan ƙwayoyin iska suna taruwa a jikin gilashin. Ya ce ga ta nan, zafi ne ke koro ta, shi ya sa ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi.

Ya kuma nuna mana yadda ake aunawa. Akan cika kwalba mai murfin gilashi da ruwa, a ɗiga magani na farko, a ɗiga na biyu, a rufe a jujjuya. Sai wani abu ya taso a ciki kamar gasara. In ruwan ba shi da iska, abin ya zauna fari. In yana da ita, ya rine ya koma launin ƙasa, kuma gwargwadon duhunsa gwargwadon yawan iskar. Daga nan akan zuba asid, a sa ɗan sitaci ya koma shuɗi, a riƙa ɗiga wani magani ana ƙirgawa har shuɗin ya ɓace. Sitacin ma na gugar kayansa ne yake ɗebowa daga gida. Magungunan kuwa guntaye ne da suka rage a ɗakin gwaji tun kafin a raba jiha, yana lallaɓa su kamar mai lallaɓa man shanu a gidan yawa.

Bayan an tashi na same shi na gaya masa komai. Na zaci zai jajanta mini, sai ya hau tambaya. Da wane lokaci kifin ya mutu? Na ce an wayi gari ne an gani. Manya ne suka fi mutuwa ko ƙanana? Na ce manya, giwan ruwa da manyan karfasa. Tarwaɗa fa? Na tsaya tunani, na ce ban ga tarwaɗa cikin matattun ba. Yaya launin ruwan? Na ce kore shar, kamar miyar kuka. Ya ce ruwa in ya ja baya, ya yi zafi, ya yi kore haka, tsiron da ke cikinsa yakan ba da iska da rana, da dare kuma ya shanye ta, kafin asuba sai ruwan ya shaƙe. Manyan kifi su ke fara mutuwa. Tarwaɗa kuwa tana iya leƙowa sama ta haɗiyi iska ta koma.

"To Malam, ke nan ba Baba ba ne."

"Ban ce ba. Na ce mai yiwuwa ne. Kwalba ba ta rantsuwa a kan kowa, abin da ke cikin ruwa kawai take faɗa. Amma mu tambaye ta."

Ya ba ni kwalba ɗaya. Bai yarda ya ba ni magungunan ba, ya ce ɗayansu yana cin fata, ba zai sa yaro ya shiga motar kasuwa da shi ba. Ya ce in je bayan sallar asuba kafin rana ta fito, in nutsa kwalbar cikin ruwa a hankali, in rufe ta tana can ƙasa, kada ƙwayar iska ko ɗaya ta shiga. In naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma kada haske ya taɓa ta, kada in buɗe, in kawo da wuri. Ya maimaita mini maganar kada a buɗe har sai da na ji haushi.

Haka na yi. Na je gida ƙarshen mako, ranar Litinin da asuba na shiga tafkin har gwiwa, ruwan ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, ga wari. Na cika kwalba, na rufe a ƙasa, na ɗago na duba, kore ne mai kauri, ba ƙwayar iska. Na naɗe ta, na kawo gida, na ajiye a bayan randar Kaka inda ya fi sanyi. Sai na fita yin sallama, domin a garinmu yaro ba ya komawa makaranta bai zagaya gidajen dangi ya durƙusa ba, ko da mota na jiransa. Da na dawo na ɗauki ƙunshina yadda na bar shi, tsumman ma ya fi jiƙa, na hau a-kori-kura zuwa Argungu, daga nan na samu motar Birni.

Na isa ana darasin Malam. Ya ce in kawo gaban aji, ai dama ce kowa ya gani. Na warware tsumma. Ruwan da ke cikin kwalbar garau yake, kana hango allo ta cikinsa.

Malam ya ɗaga ta ya duba ya ce, "Wannan ruwan tafki ne?"

Ni ma gabana ya faɗi, amma 'yan aji sun fara dariya, wani yana cewa a famfon tasha na ɗebo. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wallahi tallahi da hannuna na cika ta a tafki, ba wanda ya buɗe, ƙila dattin ne ya kwanta a hanya. Malam ya dubi gindin kwalbar, ba abin da ya kwanta. Ya dube ni. Ya ce, "To, tunda ka rantse." Ya ɗiga na farko, ya ɗiga na biyu, ya rufe ya jujjuya.

Abin ya taso, ya rine nan take, ya yi duhu kamar ruwan goro. Ko da ba a ƙirga ɗigo ba kowa a ajin ya san ma'anarsa. Ruwan cike yake da iska.

Ban ji sauran darasin ba. Abin da ke kaina shi ne, in ruwa bai shaƙe ba, to wani abu ne ya kashe kifin, kuma ni da kaina na ɗauko shaidar na kawo ta gaban mutum arba'in. Na tuna Baba a zaure yana cewa a bakin rijiya yake wanke abinsa. Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, amma ga kwalba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron in koma gida in kasa kallon ubana.

Da aka tashi Malam ya tsayar da ni. Ya ce, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ruwan da ka ce kore ne ba ya zama haka don ya hau mota. Ka je gida ka tambaya wa ya taɓa kwalbar nan." Na ce ba kowa. Ya ce, "Ka dai tambaya." Duk makon ban ci abincin kirki ba, gwaggo har ta fara neman maganin shawara.

Ranar Juma'a da la'asar na shiga gida, ban ma ajiye jaka ba Kaka ta leƙo daga ɗakinta tana murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Maigidana, Malam ya ji daɗin ruwan?"

Na tsaya cak. Na ce wane ruwa.

"Wanga da ka ɓoye bayan randa mana. Ƙanwarka ta ce mini na malaminku ne na Birni. Na buɗe, subhanallahi, kore, ga wari kamar mushe. Na ce wanga yaro ba shi da hankali. Ana cewa ruwan gidanmu ba shi shayuwa, kai kuma ka ɗauki wanga ka kai wa malami? Na juye shi, na sa mishi alif, na tace sau biyu, na tsiyaya shi har ya yi sanyi. Kwalbar ma da toka na wanke ta."

Har da cika ta sai da ta tumbatsa kafin ta rufe, shi ya sa ko ƙwayar iska ban gani a wuyanta ba.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce tsohuwa kin kashe mu, wa ya aike ki, ruwan sha aka ce miki, ke komai sai kin sa hannu. Na faɗi maganganu da yawa. Ta ce, "To, mi malami zai yi da ruwa in ba sha ba?" Tsakani da Allah ba wanda ya gaya mata. Ni ne ɗan boko mai ɓoye kwalba a bayan randar mutane. Na zauna a kan turmi, rabi haushi rabi daɗi, domin in ita ce ta cika ruwan da iska da tsiyayarta, to Baba bai yi ƙarya ba tukuna.

Na yi mata bayani a hankali. Na ce so muke mu nuna ruwan yadda yake, da ƙazantarsa, domin a cikin ƙazantar ne gaskiyar Baba take. Sannan ta ce, "Ashe wankin da na yi, ɗana na ɓata." Ta shiga ɗaki ta saki labule. Daren nan ba ta ci tuwo ba.

Da na koma na gaya wa Malam, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ga fuskata ya daina. Ya buɗe kabad ya ɗaga kwalaben maganin ya duba. Abin da ya rage na kwalba biyu ne, kuma ya yi niyyar ajiye shi don 'yan ajin baɗi su gani da idonsu. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "To, na baɗi sa gani a allo. Amma wannan karon ni zan je, a bakin ruwan za a ɗiga maganin, kafin wata tsohuwa ta yi mana karamci."

Ya zo a kan babur ɗinsa ranar Asabar da yamma, ya kwana a zaurenmu. Kaka ta aika masa da ruwa, ya sha ya yaba, ita kuwa kunya ta hana ta fitowa su gaisa sai ta bayan zana. Matsalar da ta rage ita ce Baffa. In bai gani da idonsa ba, aikin banza ne. Na ce wa Baba ya aika a kira shi, ya ce shi ba zai kira mutum ya zo ya ga wankinsa ba, wanda ya san shi ya san shi. Ni kuma ba a yarda in je ba, an san bakina.

Muna cikin haka sai ga Kaka ta fito da mayafi da sandarta, ta nufi gidan Baffa. Ta yi shekaru ba ta taka gidan kowa ba sai gaisuwar mutuwa. Ƙanwata da ta raka ta ita ce ta gaya mini yadda aka yi. Ba ta ma zauna ba. Ta ce masa, "Tun kana yawo ba wando nake shayar da kai. Ban zo roƙonka ka sha ruwana ba. Gobe in an sallame asuba ka taho bakin tafki, akwai baƙo daga Birni." Ta juyo.

Washegari Baffa ya zo. Ya tsaya nesa kaɗan, ya gaisa da Malam, ya ɗaga wa Baba hannu ba tare da ya dube shi ba. Mutum uku ko huɗu da suka ga fitowarmu daga masallaci suka biyo. Gari bai gama wayewa ba, iska ba ta motsi. A saman ruwan sauran 'yan kifin da suka rage sun taso suna ta buɗe baki.

Malam ya naɗe wando ya shiga da kansa ya cika kwalba ɗaya. Ɗayar kuma ya sa na cika ta tun a gida daga randar Kaka. Ya ajiye su a kan wani kututture, ya gaya wa mutane abin da zai yi da abin da kowane launi ke nufi tun kafin ya ɗiga komai, don kada a ce daga baya ya tsara magana. Ya fara da ta randa. Ta rine, ta yi duhu. Ya ɗauki ta tafki ya ɗiga, ya rufe, ya jujjuya, ya ɗaga ta sama. Abin ya taso fari, ya tsaya fari, da ƙyar ka ga ɗan dishi-dishin launi a cikinsa.

Na so in yi ihu. Malam ya riga ni magana. Ya ce wa Baffa, "Baffa, kada in yaudare ku. Wannan ruwan yau ne, ba na ranar da kifi ya mutu ba, kuma ruɓaɓɓen kifi ma yana cinye iska. Kwalbar nan ba ta ce ba a zuba magani ba. Abin da ta ce shi ne ruwan nan da asuba ba shi da abin da kifi zai shaƙa, ko da magani ko babu." Haushi ya kama ni, na ce a raina wannan wane irin mai taimako ne, an kawo shi ya wanke mutum yana ta sassauta magana. Sai da na girma na gane cewa wannan sassautawar ce ta sa aka saurare shi. Ya nuna musu gefen ruwan, inda ƙwarin ruwa ke ta yawo, talibambam suna ta iyo. Ya ce maganin ƙwari da zai kashe giwan ruwa zai yi wuya ya bar waɗannan.

Baffa ya karɓi kwalbar ya juya ta a hannunsa. Ya dubi tafkin, ya dubi alamar da ruwa ya bari a jikin gaɓa, can sama da inda yake yanzu. Kowa ya san a shekarar ya jinkirta buɗe su fiye da yadda aka saba, yana son kifin ya ƙara girma gari ya ji daɗi. Ba wanda ya taɓa faɗin haka, Malam ma bai sani ba. Shi da kansa ya ce, a hankali, kamar da ruwan yake magana, "Da an buɗe shi tun watan jiya." Ya miƙa wa Malam kwalbar, ya ce a sauka lafiya, ya tafi.

Na raka Malam bakin hanya ina ta mita, na ce ko haƙuri bai bayar ba. Malam ya ɗaure kwalabensa a bayan babur, domin sauran aikin ƙirga ɗigo a makaranta zai ƙarasa shi, ya ce, "Mutumin nan yanzu ya ɗauki abin da ubanka ya sauke. Ka bar shi ya ji nauyinsa tukuna."

Kwana biyu ba labari. Ban koma makaranta ranar Litinin ba, na ce kaina ke ciwo, gaskiyar kuwa jira nake. Ranar Talata da hantsi ina zaune a tsakar gida sai na ji sallama a zaure, muryar da muka yi makonni ba mu ji ba. Baba ya amsa. Na ji an shimfiɗa tabarma. Ba wata doguwar magana, sai gaisuwa, ina gajiya, ya zafi, ya shinkafa, ta fara fitar da kai ko tukuna.

Kaka ta riga ta miƙe. Ta ɗauko ƙwaryarta da farin ƙyallenta. Na ce, "Kaka, ai na randa a tace yake, ki zuba kawai kada ya tashi." Ko kallona ba ta yi ba. Ta tace, ta ɗaga hannu ta tsiyaya, ta mayar, ta sake tsiyayawa. Ban taɓa ganin ta daɗe a kan ruwa kamar ranar ba, kuma na gane tsoro take ji. Ta cika kwano ya tumbatsa, ta ce, "Kai za ka kai, maigidana. In ya ce ba shi jin ƙishi, kada ka ce komi, ka dawo mini da abina."

Na shiga zaure na durƙusa na miƙa. Baffa ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi ruwan, ni kuma ina kallon maƙogwaronsa. Ya yi bisimilla ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin kwano. Ya goge gemu da bayan hannu, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ido ba.

"Ka ce wa Inna, in da saura a ƙaro."

Da na koma ciki na tarar da Kaka a bayan zana, ta ji komai, tana share ido da bakin mayafi. Ta fizge kwanon daga hannuna ta ce in ba ta wuri, ta sake ɗauko ƙyallen tacewa.